Ƙwarewa a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa: tsakanin Birtaniya da Amurka

Likita, kafin ka biya kuɗin jarrabawa ko ɗaya, ka tsayar da ƙasar da za ka yi horo, domin guzurin wannan ba ya kai mutum waccan.

A Birtaniya, bayan rajista da GMC, hukumar da ke ba likitoci lasisi, wadda yawancin baƙi ke samu ta cin jarrabawar PLAB, horon shekara 6 ne: 3 na matakin farko, 3 na babban mataki. Ba ka haurawa sai ka ci jarrabawar ƙwarewa ta MRCPsych, wato rubutattun takardu biyu da kuma CASC, inda za a zaunar da kai gaban ɗan wasa mai kwaikwayon majinyaci, a ba ka 'yan mintuna. A nan 'yan'uwanmu suka fi tuntuɓe, ba don ƙarancin ilimi ba. Mutum ya ce maka yana jin muryoyi, kai kuma ka kama jero tambayoyi ba ka tsaya ka nuna ka ji damuwarsa ba, maki ya tafi. Ka nemi abokan atisaye da wuri, ka kuma karanci dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 1983, wadda da ita ake tsare majinyaci a asibiti a Ingila da Wales.

A Amurka shekara 4 ne, amma ƙofar ta fi ƙunci: jarrabawar lasisi ta USMLE, takardar ECFMG mai tantance likitocin da suka yi karatu a waje, sannan rabon gurbi a watan Maris. Ko ka riga ka zama ƙwararre a gida, galibi daga shekarar farko za ka faro, har da watannin duba cututtukan jiki da na jijiyoyi. Littafin ganewar cuta ma ya bambanta: a can DSM ke tashe, Birtaniya kuwa ICD take bi.

Maganar bincike ce ta fi buƙatar natsuwa. Birtaniya tana da gurbin ACF mai haɗa horo da bincike, na hukumar binciken lafiya ta NIHR, shekara 3, inda kashi 25 cikin 100 na lokacinka na bincike ne, kana iya kuma dakatar da horo ka yi digirin digirgir ka dawo. A Amurka kuɗin ya fi yawa, sai dai tallafin horon bincike na NIH, hukumar binciken lafiya ta ƙasar, irin su T32 da K23, na ɗan ƙasa ne ko mai katin zaman dindindin. Tallafin K99 ne ke karɓar baƙo. Wannan sharaɗi na zama ɗan ƙasa abin takaici ne ga haziƙin da ya gano shi a shekara ta 3 ta horo. Bizar J-1 ta likitoci baƙi masu horo kuma tana tafe da sharaɗin komawa gida shekara 2, sai in ka samu sassauci ta yin aiki a yankin da ke ƙarancin likitoci, wanda ba kasafai ake samun ɗakin bincike a cikinsa ba.

A ƙasashen biyu, kada ka taɓa fayil ɗin majinyaci don bincike kafin kwamitin ɗa'a ya amince a rubuce. Mujallun kirki ba sa buga bayanan da aka tara ba da izini ba, kuma lasisinka na iya shiga haɗari.