Yadda ake nazarin aikin fasahar da aka gina a kan hoton kai a intanet

Idan aka ce maka hoton da wata ta ɗauki kanta da waya aikin fasaha ne, kada ka fara da tambayar ko ya yi kyau, domin ba nan gizo ke saƙa ba. Ka fara da binciken inda aikin ya fara fitowa da tsawon lokacin da ya ɗauka.

Misali, mai aikin fasaha Amalia Ulman, haifaffiyar Ajantina da ta tashi a Sifaniya, ta shafe kusan wata biyar a shekarar 2014 tana wallafa hotunanta a Instagram, tana taka rawar budurwar da ta faɗa rayuwar ƙarya a Los Angeles, ta rikice, daga bisani ta nemi afuwa ta koma motsa jiki da cin abinci mai kyau. Duk shiri ne, har da tiyatar ƙara girman ƙirji da ta nuna kamar ta yi, amma da yawa daga cikin mabiyanta sun ɗauka gaskiya ce.

Saboda haka, ka bi hotunan bisa jerin ranakun da aka saka su, kamar yadda ake sauraron tatsuniya daga farko, domin hoto guda ba ya faɗin komai shi kaɗai. Sannan ka tsaya ka karanta martanin jama'a a ƙarƙashinsu, na masu yabo da na masu zagi, tunda su ne suka tabbatar wa wannan budurwar ƙirƙira cewa tana raye. A ganina, lokacin da gidan kayan fasaha na Tate Modern da ke Landan ya nuna wasu daga cikin hotunan a 2016, rabin aikin ya rage a waya.

Daga nan ka tambayi kanka ko mutum ne ke kallon fuskar ko na'ura. A 2019 mai aikin fasaha Trevor Paglen da mai bincike Kate Crawford sun fitar da ImageNet Roulette, inda mutum zai ɗora hotonsa, manhaja ta laƙaba masa suna daga rumbun hotunan da ake horar da kwamfuta da shi, kuma wasu laƙubban cin mutunci ne da wariyar launin fata. A irin wannan aikin, laƙabin ya fi fuskar muhimmanci, don haka ka rubuta shi, ka nemi sanin su wa suka tsara jerin sunayen tun asali.