Idan Na'urar Auna Zurfin Ruwa Ta Daina Ganin Ƙasa

Na'urar auna zurfin ruwa gida biyu ce: allon da ke gaban matuƙin jirgin ruwa, da kan da ke nutse cikin ruwa, wato tiransdusa. A cikin kan nan akwai ɗan faifan tangaran da ke girgiza idan wuta ta shige shi. Shi ke harba sauti ƙasa, shi ke kuma sauraren dawowarsa. Sauti na cin kusan mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya cikin ruwa, sai na'urar ta lissafa lokacin zuwa da dawowa, ta raba biyu, ta ba ka zurfi. To, sau da yawa kan da aka ce ya mutu lafiyarsa ƙalau, wani abu ne dabam ya tare masa hanya. Kada ka yi saurin sayen sabo.

Fara da wuta. Ɗora mitar auna wutar lantarki a bakin wayar da ke shiga allon, ba a kan batir kaɗai ba. Cikakken batir mai volt 12 yana nuna wajen 12.6 idan inji a kashe yake. In allon na ɗaukewa duk lokacin da aka tayar da inji, batir ne ya raunana ko wayar ta yi siriri. Duba fiyus, sannan ka leƙa saitin na'urar: akwai yanayin gwaji da ke nuna kifi da zurfi na ƙarya, kuma akan manta da shi a kunne. Tabbatar irin kan da aka zaɓa a saiti shi ne wanda ke maƙale a jirgin.

Daga nan sai filogi. Zare shi, ka haska cikinsa da tocila. Haƙori ɗaya da ya lanƙwashe, ko koren tsatsa a gindinsa, ya isa ya kashe sigina. Wanke da maganin goge mahaɗar lantarki, ka bari ya bushe, ka shafa giris ɗin silikon kaɗan. Bi kebul ɗin da yatsu tun daga allo har kai, musamman inda ya ratsa bangon bayan jirgi da inda injin ke murɗa shi idan an juya. Kebul da ya tsage ya sha ruwa yakan yi aiki yau ya ƙi gobe.

Yanzu gwada kan kansa. Kunna na'urar, ka kawo shi kusa da kunne ba tare da ka manna ba. Yawancinsu za ka ji ƙas-ƙas-ƙas a hankali, ko ka ji ɗan bugu a tafin hannu. Kada gwajin ya daɗe, domin ruwa ne ke sanyaya shi, kuma manyan masu ƙarfi suna iya lalacewa idan suka yi zafi a waje. Mitar auna wuta ba ta cika yanke hukunci a nan ba: lafiyayyen faifan tangaran yakan nuna kamar waya a tsinke, wasu kuma akwai ƙaramar taransifoma a ciki da ke sauya abin da za ka karanta. Gwajin da ya fi amfani shi ne ka kwance kan, ka ɗaure shi a sanda, ka zura shi gefen jirgi a ruwa mai kwanciya wanda zurfinsa ya kai mita uku ko fiye, fuskarsa na kallon ƙasa sosai. Auna wurin da igiya mai dutse a baki. Idan lissafin biyu ya zo ɗaya, kan ba shi da laifi, mazauninsa ne matsala.

Nan ne kuwa aka fi samun cikas. Sauti irin wannan ba ya ratsa iska, don haka kumfa ita ce babbar abokiyar gabarsa. Alamarta a fili take: jirgi na tsaye zurfi na fitowa, da an ƙara gudu sai lambar ta fara walƙiya ta ɓace. Kan da ake maƙalawa a bayan jirgi ya kamata fuskarsa ta sauko ƙasan gindin jirgi da kamar milimita 3, bayansa ya ɗan fi gabansa sauka kaɗan, don ruwa ya riƙa shafar fuskar ba tare da rami ba. Nisanta shi da farfela da aƙalla santimita 38, a ɓangaren da fikafikanta ke sauka, wanda galibi dama ne. Kada a sa shi bayan kan ƙusa, ko haɗin katako, ko bututun fitar ruwa, duk suna haifar da kumfa. Duba maƙalin ma: an yi shi ne ya ɗage sama idan ya bugi itace ko yashi, kuma a koguna irin Neja da Binuwai, inda tudun yashi ke sauya wuri duk shekara, hakan na yawan faruwa. Mayar da shi, ka ɗaure notin.

Masu jirgin katako su lura sosai. Kan da ake mannawa daga cikin jirgi yana aiki ta cikin faiba zalla (wato robar da aka ƙarfafa da zaren gilashi), amma ba ta cikin katako ba. Katako na shanye sautin. A jirgin faiba kuma, kafin ka manna shi da gam, saka shi cikin leda mai ruwa, ka jiƙa wurin, ka danna, ka ga ko zurfi ya fito. Gam ɗin da ya kama kumfa a ciki sai an ɓamɓare an sake.

Fuskar kan na tara gansakuka da laka, saiwar kainuwa kuma na naɗe maƙalin. Sabulu da tsumma mai laushi sun wadatar. In ya kafe, samfefa mai laushi a jiƙe. Ban da fetur ko tina, suna cin robar. Tsagewa ko kumburi a fuskar na nufin ruwa ya shiga, wannan ba ya gyaruwa.

Ɗigo-ɗigo ko layuka a tsaye da ke ƙaruwa idan an taka inji, hayaniyar lantarki ce. Raba kebul ɗin kan da wayoyin inji da na rediyo, ka ba na'urar wayarta ta wuta kai tsaye daga batir da fiyus ɗinta. Idan ƙasan laka ce mai taushi ko ruwan ya yi zurfi, sauko da mitar sautin (yawan girgizarsa a daƙiƙa) daga kilohaz 200 zuwa 50 in kan na'urarka na da shi, ka ƙara ƙarfin sauraro da hannu.

In duk wannan bai warware ba, ari kan da ka san yana aiki, mai filogi da mitar sauti irin naka, ka jona. Ya yi aiki, naka ne ya mutu. Bai yi ba, allon za a kai wa mai gyara.