Za Ka Sayar da Kwamfutar Tebur Ka Koma Ƙaramar Laftof? Ga Inda Mutane Ke Faɗawa Rami

"Core i7 ce fa, Yallaɓai. Ɗaga ka ji, littafi ma ya fi ta nauyi." Da wannan maganar wani mai shago ya saye ni, ni kuma na sayi laftof ɗinsa. Lokacin na gaji da halin wuta. Aikina haɗa bidiyon biki ne da zanen kalanda, kuma sau da yawa ina tsakiyar fitar da aiki NEPA za su ɗauke, UPS ta yi ɗan kukanta ta mutu, a koma farko. Sai na ce bari in rabu da kwamfutar tebur in sayi wadda ke da batir a jikinta. A daren farko na sa mata bidiyon kamu. Aikin da tsohuwar ke gamawa kafin shayina ya huce, wannan sai da na yi Isha'i, na ci tuwo, na dawo na tarar tana ta huci, gindinta ya yi zafi kamar dutsen guga, ko rabi ba ta kai ba.

Mai shagon bai yi mini ƙarya ba, i7 ɗin ce. Ni ne ban san cewa sunan shi kaɗai ba ya gaya maka komai ba. Tun 2008 kamfanin Intel ke buga Core i7 a jikin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, saboda haka cewa "i7 ce" kamar a ce maka "Toyota ce" ne, ba a faɗi samfuri ba, ba a faɗi shekara ba. Abin dubawa shi ne cikakkiyar lambar. Ɗauki i7-6600U: shidan farko na nufin zubi na shida, abin da 'yan kasuwa ke kira "jen", na shekarar 2015, kuma ma'aikata biyu kacal ke cikinsa, wato abin da ake ce wa core. Shi kuwa i5-8250U na 2017 huɗu gare shi. Ka ga i5 ya doke i7 ke nan, alhali a kasuwa mai sitikar i7 za a tsuga wa kuɗi. Kada ka yarda da sitika, ana ɓamɓaro ta a liƙa a wani wuri. Buɗe Task Manager a gaban mai kaya, ka shiga Performance, ka karanta lambar da idonka.

Akwai wani dalilin guje wa duk abin da ke ƙasa da zubi na takwas. Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 a ƙa'ida daga zubi na takwas na Intel yake farawa, ko Ryzen 3000 a laftof masu furosesan kamfanin AMD. Masu gyara sun iya dabarar cusa shi a tsofaffi, amma mai neman kwamfutar da zai yi shekara huɗu yana cin abinci da ita bai kamata ya fara da dabara ba.

Sai harafin ƙarshen lambar, wanda shi ne ya kashe ni. U na nufin furosesan tattalin batir, mai cin wajen wat 15. H na cin wajen 45, HX kuma daga 55 zuwa sama. Na kwamfutar tebur 65 ne a saba, manyan su kai 125. To wanda ya baro injin wat 65 ya koma na 15 yana jiran aiki iri ɗaya, ya yi wa kansa alƙawarin da ba mai cika masa. In aikinka bidiyo ne, ko zanen gini, ko manyan hotuna masu shimfiɗa da yawa, nemi H, ko HS a Ryzen. In rubutu ne da Excel da intanet da 'yar takardar gayyata a CorelDRAW, U na zamani ya ishe ka har da ragi, kada wani ya sa ka biya kuɗin ƙarfin da ba za ka taɓa amfani da shi ba.

Yanzu ga babbar maganar, zafi. Duk wutar da furosesa ya ci, zafi take komawa, kuma dole zafin ya sami hanyar fita. Kwamfutar tebur akwati ce guda mai manyan fankoki da fili. Siririyar laftof kuwa fankarta ba ta fi murfin kwalba girma da yawa ba. Idan furosesa ya kusanci digiri 100 sai ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Shi ya sa za ka ga laftof tana tashi kamar walƙiya a shago, ta buɗe komai nan take, amma da an yi minti goma ana aiki mai nauyi sai ta koma tafiyar hawainiya. Laftof biyu masu furosesa iri ɗaya sak suna iya bambanta sosai, don kawai ɗaya ta fi kauri da ƙofofin iska. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: in ka zaɓi mafi siranta, ka zaɓi rage ƙarfi ke nan.

Kuma mu a nan abin ya fi tsanani. Masu gwada waɗannan na'urori a YouTube a ɗaki mai sanyi suke yi. Kai kuwa a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi kake, a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ba wuta balle fanka. Ga ƙurar hunturu da ke shiga ta toshe raga kamar auduga. Don haka a wurina inci 14 mai ɗan kauri da fanka biyu ita ce iyakar ƙanƙanta ga mai aiki mai nauyi. Inci 13 ta masu yawo da rubutu ce. Kafin ka biya, je da aikinka a filas, ka sa ta yi na minti goma sha biyar zuwa ashirin, ka ji kukan fanka, ka taɓa saman kibod. Mai kayan da ya ƙi yarda da wannan ya riga ya ba ka amsa. Bayan ka kai gida kuma, daina ɗora ta a kan katifa ko filo ko kafet, domin yawancinsu ta ƙasa suke shan iska. Ko littattafai biyu ka sa ka ɗaga bayanta. Duk ƙarshen hunturu a kai wa mai gyara ya buɗe ya kakkaɓe fanka, in man da ke kan furosesa ya bushe ya sake shi.

Irin wannan yaudarar suna tana nan a girafik, wato ɓangaren da ke sarrafa hoto da bidiyo. RTX 4060 na laftof, kamfani na iya ba shi wat 35, wani ya ba shi 115, kuma sitika ɗaya za ka gani a jikinsu. RTX 4090 na laftof ma ba ɗaya yake da na tebur ba: na tebur gigabait 24 gare shi yana cin wat 450, na laftof 16 ne kuma bai kai rabin wannan wutar ba. Nemi adadin wat a shafin kamfanin kafin ka je kasuwa.

Wasu kuma da sun ji haka sai su yi tsalle zuwa ɗaya gefen, su sayo laftof ɗin gem mai fitilu kala-kala. Ƙarfi kam akwai. Amma cajarta kaɗai bulo ce, wat 230 ko fiye, batirinta ba ya jimiri, kuma da ka zare ta daga wuta sai ta rage ƙarfi. Idan ƙaramin sola ko inbata kake dogaro da shi, yi lissafi tukuna: cajar wat 65 da ta 230 ba ɗaya suke ba a wurin batirin gidanka. Wanda ya gudu daga kwamfutar tebur saboda wuta ya faɗa nan, ya yi gudun gara ne ya tarar da zago.

Kuskuren da ba ya gyaruwa shi ne na RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai a lokacin. Mun saba a kwamfutar tebur ka fara da kaɗan, in kuɗi sun zo ka ƙara. A yawancin sirara an narka RAM ɗin a jikin bod, wato babban faifan da kayan ciki ke zaune a kai, ba cirewa ba ƙari. Haka Dell XPS 13 take, haka ThinkPad X1 Carbon, haka duk MacBook na yanzu, waɗanda har ma'ajiyarsu a liƙe take. Ka sayi mai gigabait 8, da 8 za ku rabu. HP EliteBook 840 daga G5 zuwa G8 kuwa gurbi biyu gare ta, kana iya ƙarawa duk ranar da ka ga dama, shi ya sa masu gyara ke son ta. Ga wadda za ta maye gurbin kwamfutar tebur, 16 ne mafi ƙaranci; mai bidiyo ya nemi 32. Ma'ajiya kuma SSD, wato nau'in mai sauri, aƙalla gigabait 512. In ka ga an rubuta eMMC, nau'in mai nawa ne, ajiye musu kayansu.

Ramukan jiki ma mutane ba sa ƙirgawa sai sun isa gida. Kwamfutar tebur ta saba maka da firinta da sikana da filas biyu da wayar intanet duk a soke lokaci guda. Sabuwar ramuka biyu gare ta, ɗaya kuma caja ta cinye. Sannan ba kowane USB-C ne ke fitar da hoto zuwa monita ko karɓar caji ba, ko da kamanninsu ɗaya. Mai alamar walƙiya a gefensa, wato Thunderbolt, shi ne ba ka da shakka a kansa: waya ɗaya zuwa dok, ɗan akwatin nan mai ramuka da yawa, ta ɗauki monita da kibod da caji gaba ɗaya. Mai son monita biyu ya sani cewa MacBook Air mai M1 ko M2 guda ɗaya tak take ɗauka kai tsaye.

Tun da an zo kan monita: kada ka haɗa da taka a cinikin tsohuwar kwamfuta. Ni na haɗa, har da kibod da maus, wai don kuɗin su cika. Wata biyu ina duƙe a kan allon inci 13 kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, wuya ya riƙe, daga baya na sake sayen wata monitar da tsada fiye da yadda na sayar. Shi ma allon laftof ɗin a duba shi. Mai 1366x768 ya wuce zamani, nemi 1920x1080 ko sama, nau'in IPS. Mai aikin ɗab'i kuma ya tabbatar an rubuta 100% sRGB, in ba haka ba jan da ka gani a allo daban, wanda zai fito a jikin kyallen bana daban, kai da mai biki kuma sai Allah.

Game da Mac, gaskiya tun fitowar M1 a 2020 babu mai ja da ita wajen haɗa ƙarfi da daɗewar batir, kuma ga mai fama da wuta wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma rubuta sunayen manhajojin da kake cin abinci da su tukuna. Revit da SolidWorks da ArcGIS Pro na Windows ne, kuma Mac masu furosesan M, irin su M1, ba sa ɗaukar Windows ta manhajar Boot Camp kamar na da. Air ɗin ma ba ta da fanka ko ɗaya, to dogon aiki a zafinmu MacBook Pro yake so. Haka sababbin laftof na Windows masu furosesan Snapdragon, tsohuwar firintarka na iya ƙin gaisawa da su.

Yawancinmu ta hannu muke saya, wadda ake kira "London yus", ko a titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ko a aiko daga Computer Village ta Ikeja. Ba laifi, akwai na kirki da yawa, sai dai kada a yi cinikin biri a sama. Buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, zai nuna maka ƙarfin batir na asali da abin da ya rage yanzu. Shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, ka ga ko an sa masa kalmar sirri. Haɗa ta da intanet a nan cikin shagon, domin wasu na ma'aikatun Turai da Amurka ne da ba a cire su daga rajista ba, sai sun ji intanet suke kulle kansu. In Mac ce, a tabbatar babu iCloud ɗin wani a kai. Kankare harafi ɗaya na kibod da farce, sau tari sitika ce aka liƙa a kan na Jamus, inda Y da Z suka yi musaya. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka saba da kibod na Faransanci, wato AZERTY, su kuma akasin haka za su duba. Kwanakin garanti a rubuta a rasit, ba a baki ba. Caja kuma ta asali. Ta bogi da wutar janareta su ne abokan masu sayar da bod.

Tun da a tebur za ta riƙa wuni a soke, ka taƙaita cajinta a kashi 80. Lenovo Vantage da MyASUS da manhajar Dell duk suna da wurin yin haka. Batirin da ke zama a cike cikin zafi shi ne ke kumbura, sai ka ga wurin maus ya ɗago ko murfin ƙasa ya buɗe baki. In ka ga haka, kashe ta, a cire batirin a ranar.

Wani kuma in ka bincika, laftof ɗin ba za ta taɓa barin tebur ba. Irin wannan ƙaramar kwamfutar nan mai kamar gwangwanin sabulu, irin su Mac mini, da ɗan inbata, za ta fi masa sauƙin kuɗi da sanyi.

Ranar da za ka miƙa tsohuwar, cire hadis ɗinka, wato ma'ajiyar hard disk, ka riƙe, ka saya masa gida ya zama wurin ajiyar kwafin aiki, domin laftof ana mantawa da ita a adaidaita, ana kuma ɗauke ta, abin da ba a cika yi wa kwamfutar tebur ba. Ni gogewa kawai na yi na zuba a kwandon shara na miƙa. Bayan sati biyu wanda ya saya ya kira ni: "Malam, hotunan amaren nan da ke ciki fa, in goge ne ko za ka zo ka kwasa?"