Yadda na gyara dokar ramin ɓuya a wasan Stalingrad

Alhamdulillahi, wasan allon da nake tsarawa kan yaƙin birnin Stalingrad na 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya daina cijewa. Da, sojan da ya shige ɗakin ƙarƙashin ƙasa ba ya taɓuwa, ga shi yana harbi son ransa, sai kowa ya lafe a rami. Na rage makin kariya, na taƙaita masu shiga, duk a banza.

Sai na hana na cikin rami harbin kowa, in ba wanda ke gidan allo da ke manne da nasa ba. Fitowa kuma tana cin makin tafiya 2. In abokan gaba suka dasa nakiya a bakin ramin, a jefa dayis (irin na ludo, mai lamba 1 zuwa 6): in 5 ko 6 ta fito, ramin ya rufta da mutanensa. Yanzu dole mai ɓuya ya bar masu gadi a sama. Na gode wa abokan gwaji.