Yadda Ake Karatun Tsoffin Littattafan Hikimar Sin

Duk wanda ya taɓa zama a makarantar zaure ya san ba a haɗiye littafi a dare ɗaya. Ɗalibi ya ja baƙi, malam ya fassara, ya kawo abin da mai sharhi ya ce, a rufe littafi sai gobe a ɗora daga inda aka tsaya. Da irin wannan haƙuri ne Sinawa suka riƙa karanta littattafan magabatansu fiye da shekara 2000, kuma a ganina wanda ya saba da bambanta matani da sharhi ya riga ya mallaki rabin kayan aikin da wannan karatu yake bukata. Abin da ya rage shi ne sanin inda za a sa ƙafa da farko.

Ka fara da zamani kafin ka taɓa littafi. Ka samu takarda guda ka rubuta shekaru kaɗan, ka manna ta a bangon da kake fuskanta idan kana karatu. Daular Shang ce ta bar mana rubutun Sinanci mafi tsufa, wanda aka zana a kan ɓawon kunkuru da allon kafaɗar shanu domin duba, kuma sai a shekarar 1899 masana suka gane cewa zanen da ke kan waɗannan ƙasusuwa rubutu ne. Daular Zhou ta karɓi mulki wajen shekara ta 1046 kafin haihuwar Annabi Isa, amma daga shekara ta 770 ikon sarkinta ya yi rauni, hakimai suka zama sarakunan kansu, har aka shiga zamanin yaƙe-yaƙe da bai ƙare ba sai a shekara ta 221, lokacin da masarautar Qin ta haɗe ƙasar da ƙarfin takobi. A cikin wannan rikici ne Kongzi, wanda Turawa suke kira Confucius, ya rayu daga 551 zuwa 479, kuma bayansa ne Mozi da Mengzi da Zhuangzi da Xunzi da Han Fei suka zo. Kusan dukkansu tambaya ɗaya suke ƙoƙarin amsawa: ƙasa ta wargaje, wace hanya za a bi a gyara ta? Idan ka manta da wannan, za ka ɗauki shawarar da aka rubuta wa sarki a matsayin nasiha ga mai zaman kaɗaici, ka ɓata ma'anar.

Daga nan ka zaɓi littafi ɗaya tak. Shawarata ita ce Lunyu, wato tarin maganganun Kongzi da almajiransa, mai babi 20, wanda almajirai da almajiran almajirai suka tattara bayan rasuwarsa. Kada ka nemi tsari irin na littafin makaranta a cikinsa, domin gajerun hirarraki ne, kuma yawancinsu amsa ce ga wani mutum takamaimai. A babi na 11, almajiri Zilu ya tambayi malamin ko mutum ya aikata abu da zarar ya ji shi, sai malamin ya ce masa mahaifinsa da yayyensa suna raye, yaya zai yi gaban kansa? Ran You ya yi wannan tambaya, aka ce masa ya aikata nan take. Da almajiri na uku ya nuna ruɗewarsa, Kongzi ya bayyana cewa Ran You mai ja da baya ne, shi ya sa ya tura shi gaba, Zilu kuwa mai rawar kai ne, shi ya sa ya ja masa linzami. Saboda haka duk sakin da ka karanta, ka rubuta wa ya yi tambaya da kuma abin da ka sani game da halinsa. Bayan 'yan makonni za ka ga almajiran sun zama mutane a idonka, kuma amsoshin da suka yi kama da saɓani sun fara daidaita. Saki biyu ko uku a rana sun isa.

Ka keɓe littafin rubutu na musamman domin kalmomi, kowace kalma da shafinta. Akwai kalmomi kamar goma da ke ɗauke da nauyin wannan ilimi, daga cikinsu akwai dao da de da ren da li da yi da tian, kuma babban kuskuren mafari shi ne ya lanƙaya wa kowacce fassara ɗaya tun ranar farko. Dao asalinta hanya ce, amma tana nufin koyarwa, tana nufin yadda duniya take gudana, wani lokaci ma tana nufin faɗa ko furtawa. Li ta haɗa hadaya ga kakanni da jana'iza da gaisuwa da yadda ƙarami yake tsayawa gaban babba, don haka ladabi ya kama wani ɓangare nata, al'ada ta kama wani, babu wadda ta kama duka. Ren ta zo fiye da sau 100 a cikin Lunyu, kuma a babi na 12 kaɗai an ba da amsa daban-daban a kanta: an ce wa Yan Hui ita ce danne son rai da komawa ga li, an ce wa Zhonggong kada ya ɗora wa wasu abin da ba ya so wa kansa, an ce wa Fan Chi ita ce ƙaunar mutane. Na kan ji kwaɗayin fassara ta da mutunci ko kirki, kuma kirki ya fi kusa, amma gara ka bar ta da sunanta na Sinanci har sai ka tara wurare 20 ko 30 da ta fito a shafinka, sannan ka yanke hukunci.

Tian ta fi kowacce haɗari. Ma'anarta ta zahiri sama, kuma a rubuce-rubucen Zhou ita ce ke ba sarki izinin mulki ta kuma ƙwace idan ya yi zalunci, amma a wurin Xunzi ta koma tsarin halitta da ba ya canzawa domin nagartar sarki ko muguntarsa. Limaman Katolika da suka shiga Sin tun zamanin Matteo Ricci, wani limami ɗan Italiya, sun shafe fiye da shekara 100 suna jayayya a kan ko ya halatta a kira Ubangiji da wannan suna. Malaman Musulmin Sin, irin su Wang Daiyu da Liu Zhi a ƙarni na 17 da na 18, su ma sun yi dogon nazari kafin su zaɓi kalmomin Sinanci da za su bayyana tauhidi da su. Idan waɗannan da suka ƙware a harshen sun yi taka-tsantsan haka, bai kamata mafari ya yi gaggawa ba.

Game da fassara, kada ka dogara da guda ɗaya. Ka ajiye biyu ko uku a gabanka, kuma inda suka saɓa wa juna nan ne za ka tsaya, domin nan ne matanin yake da wuya. Fassarar Lunyu ta James Legge, ɗan mishan daga Sikotilan da ya fara fitar da ita a 1861, tana nan kyauta a shafin Chinese Text Project, jere da asalin Sinancin. Tsohuwa ce, kuma ana jin ƙamshin coci a zaɓen kalmominta, amma mai gaskiya ce ga matani. Ka kuma lura da rubutun sunaye: tsoffin littattafai suna rubuta Tao da Chuang Tzu, sababbi suna bin tsarin pinyin na 1958 suna rubuta Dao da Zhuangzi, abu ɗaya ne.

Bayan ka sauke Lunyu, ka ɗauki Daodejing, kuma a nan ne za ka koyi darasin da ya fi kowanne tsada, wato tambayar ta wace hanya littafi ya iso hannunka. Littafin gajere ne, babi 81, haruffa kusan 5000, ana jingina shi ga Laozi, mutumin da ko masanin tarihi Sima Qian, wajen shekara 100 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kawo ruwaya fiye da ɗaya a kan ko wane ne shi. Nassin da yawancin fassarori suke bi shi ne wanda ya zo tare da sharhin Wang Bi, saurayin da ya rasu a shekara ta 249 Miladiyya yana da shekara 23. A 1973 aka tono wani kabari a Mawangdui, a birnin Changsha na lardin Hunan, wanda aka rufe a shekara ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa, aka samu kwafi biyu na littafin rubuce a kan siliki, kuma a cikinsu rabin da muka sani a matsayin na biyu shi ne a gaba. Har layin da ya fi shahara, wanda ke cewa hanyar da za a iya faɗa ba ita ce dawwamammiyar hanya ba, ya zo da wani harafi daban: silikin ya rubuta heng, nassin baya ya rubuta chang. Dalili kuwa shi ne sunan yanka na wani sarkin daular Han shi ne Heng, kuma al'ada ta hana rubuta sunan sarki, kamar dai yadda ake sakaya sunan babba a gidajenmu, sai masu kwafi suka musanya shi da harafi mai ma'ana ɗaya.

A 1993 aka samu wanda ya fi wannan tsufa a Guodian, lardin Hubei, rubuce a kan tsagin gora, daga wajen shekara ta 300 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma bai kai rabin littafin ba. Ka buɗe babi na 19 ka kwatanta. Nassin da aka saba da shi yana umurtar a yanke ren a jefar da yi (kalmar da ke nufin aikata abin da yake daidai), wato hari kai tsaye ga kalmomin da mabiya Kongzi suka fi darajawa, amma a tsagin goran babu waɗannan kalmomi biyu a wurin, wasu abubuwa ne daban aka ce a watsar. Wannan ya sa masana da yawa suka sake duba tsohon zato cewa tun fil azal mazhabar Kongzi da ta Laozi abokan gaba ne. Rabe-raben mazhabobi shida da ake koyarwa ma Sima Tan ne, mahaifin Sima Qian, ya tsara su a zamanin Han, bayan mutanen da ake rabawa sun daɗe da mutuwa. Saboda haka kafin ka sayi kowace fassara, ka duba gabatarwarta ka ga wane nassi ta bi. Wadda ba ta faɗa ba, ka mayar da ita kan kanta.

Shi ma sharhi sai an san mai shi. Littafin Zhuangzi mai babi 33 da muke karantawa Guo Xiang ne ya tace shi wajen shekara ta 300 Miladiyya, kuma babi bakwai na farko ne aka fi yarda cewa su ne tsofaffi. Zhu Xi, wanda ya rayu daga 1130 zuwa 1200, shi ya haɗa Littattafai Huɗu na mazhabar Kongzi, waɗanda Lunyu yake cikinsu, sharhinsa kuma ya zama ma'aunin jarrabawar shiga aikin gwamnati daga 1313 har aka soke jarrabawar a 1905. Tsakaninsa da Kongzi akwai fiye da shekara 1600, kuma a tsakanin addinin Buddha ya shigo Sin ya kawo tambayoyin da Kongzi bai taɓa ji ba. Ka karanta matani da kanka tukuna, ka rubuta abin da ka fahimta, sannan ka buɗe sharhi, kuma ka riƙa amfani da biro mai launi daban domin kada maganar Zhu Xi ta shige bakin Kongzi a cikin rubutunka.

Kada ka tsaya ga littattafan masu hikima kaɗai idan addinin mutanen kake son sani. Hadayar kakanni da duba da bukukuwan noma sun girmi dukkan waɗannan littattafai, kuma addinin Dao mai limamai da jama'a ya kafu ne daga baya, da ƙungiyar Zhang Daoling a shekara ta 142 Miladiyya, wadda ta ɗauki Laozi abin bauta. Rahotannin masu tonon kayan tarihi da hotunan tukwanen tagulla na Shang da Zhou za su nuna maka abin da matani bai faɗa ba.

Idan karatun ya kama zuciyarka, ba makawa sai ka koyi harshen. Sinancin da ake magana da shi yau ana koyar da shi a cibiyoyin Confucius da ke Jami'ar Legas da Jami'ar Nnamdi Azikiwe a Awka, kuma zai taimake ka da furuci da amfani da ƙamus, amma tsohon Sinancin littattafai yana da nahawunsa daban, inda harafi ɗaya yake zama suna a wannan layi ya zama aikatau a na gaba. Ka koyi tsoffin siffofin haruffa, ba sauƙaƙaƙƙun da aka fara amfani da su a 1956 kaɗai ba. Ka fara da harafi biyar a rana daga sakin da kake karantawa, ka rubuta kowanne da hannu sau goma, kana bin jerin zanensa daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama, sannan ka koma Lunyu babi na 1 ka gwada jan baƙin layin farko ba tare da ka leƙa fassara ba.