Yadda Za Ka Gane Sabon Turancin Yaran Zamani Kafin Ka Fara Yin Sa

Yawancin masu shan kunya da sababbin kalmomin yaran zamani sun iya Turanci, gaggawa ce ke kayar da su. Mutum ya ga kalma a TikTok da safe, kafin la'asar ya jefa ta a saƙon da ya tura wa malaminsa.

Da farko, kwafi jimlar da ka ga kalmar a ciki gaba ɗayanta. Idan ka nemi "cap" ita kaɗai, ƙamus zai ce maka hula, alhali a bakin matasan baƙaƙen fatar Amurka, inda ta samo asali, ƙarya take nufi, "no cap" kuwa kamar ka ce "ba wasa".

Sai ka buɗe Urban Dictionary, ƙamus ɗin intanet na irin waɗannan kalmomi, amma kada ka tsaya kan ma'anar farko. Tun da aka kafa shi a 1999 duk wanda ya ga dama yake rubutawa a ciki, zolaya da batsa sun yi yawa. Karanta ma'ana uku ko huɗu, ka riƙe inda suka haɗu.

Mataki na uku shi ake tsallakewa, shi ne kuma mai muhimmanci: wa ke faɗin kalmar, wa ake faɗa wa? Rubuta ta a wurin bincike na X (tsohon Twitter) ka karanta yadda mutane goma suka yi amfani da ita. Ni X nake so don rubutu ne, bidiyo cinye data yake yi. Duba shekarun masu rubutun, duba ƙasarsu, duba ko yabo suke ko ba'a. A Amurka idan aka ce wa mace "slay" an yaba kwalliyarta ne. A Najeriya ka kira wata "slay queen" ka ce mata mai son abin duniya da nuna kai, kuma ba za ta tsaya jin bayaninka ba.

Duba kuma ko kalmar ta tsufa. Oxford, mai buga ƙamus na Turanci, ta zaɓi "rizz", wato iya jan hankali wajen neman soyayya, a matsayin kalmar shekarar 2023, ta zaɓi "brain rot", wato dakushewar ƙwaƙwalwa saboda yawan kallon shirme a intanet, a 2024. Kafin ƙamus ya karɓi kalma, galibi yaran sun fara gajiya da ita.

Daga nan gwada ta tsakanin abokai, kalma ɗaya kawai a saƙo. Ban da takardar neman aiki, ban da dandalin WhatsApp na ofis.