Shawara ga masu noman rani: farin ɓawon kan gona

'Yan uwa manoma, wanda ya ga fari-fari kamar kanwa a gefen fangalinsa, ya yi hattara. Inda ruwan sama ya yi ƙaranci, babu abin da zai wanke gishirin ƙasa ya yi ƙasa da shi. Rana ta ƙone ruwan ban-ruwa, gishiri ya tsaya a sama. Haka kanwar ƙasar Manga da ta bakin Tafkin Cadi take samuwa, sai dai can arziki ce, a gona kuwa masifa.

Ku duba sabon ganyen tumatir ko tattasai. In ya yi rawaya amma jijiyoyinsa na nan kore, sinadarin ƙarfe ne ya gagari saiwa. Ƙasar kuma takan daskare, ruwa ya kwanta ya ƙi shiga.

Don Allah a daina zuba toka a irin wannan gona, ƙara mata ciwo take yi. A lafta takin dabbobi ruɓaɓɓe, a rufe ƙasa da tattakar shinkafa, a haƙa magudana. Yayyafin ruwa kullum shi ke tara gishirin. Gara a shayar sosai ya nutse. Mai hali ya kai ƙasarsa awo, in ma'aunin pH, wato na tsami ko kanwar ƙasa, ya haura 8.5 ya nemi jifsam, wani farin garin dutse da ake zubawa a gona don gyara ƙasa mai kanwa.